Daren Imam: Mu Tuna da Mai Magana Jari Ce a Tsakar Gidanmu

  

Duk ranar 2 ga Afrilu ana bikin Ranar Littattafan Yara ta Duniya. An fara shi a 1967, kuma an zaɓi ranar ne domin ita ce ranar haihuwar Hans Christian Andersen, marubucin labaran yara na ƙasar Denmak, wanda aka haifa a 1805. A Amurka ma, ranar 2 ga Maris, ranar haihuwar marubucin da suke kira Dr. Seuss, za ka ga iyaye da malamai sun zauna suna karanta wa yara littafi. To mu fa? Wane marubuci ne namu, wanda kakanninmu suka karanta, iyayenmu suka karanta, mu ma aka karanta mana? Mun yi wannan tambaya a tsakaninmu, ba a ko yi gardama ba. Kowa ya ce Alhaji Abubakar Imam.

Wane ne Imam?

An haifi Abubakar Imam a 1911 a garin Kagara, wanda yanzu yake cikin Jihar Neja. Ya yi karatu a Kwalejin Katsina, sannan ya zama malami a Makarantar Midil ta Katsina. A 1933 Hukumar Fassara da ke Zariya, ƙarƙashin Dokta R. M. East, ta sa gasar rubuta ƙagaggun labarai da Hausa. A wannan gasa ce Imam ya rubuta Ruwan Bagaja, labarin Alhaji Imam da ya shiga duniya neman ruwan da zai warkar da ɗan sarki, suna ta shirya wa juna tsiya shi da Malam Zurƙe. Ku yi lissafi: daga 1911 zuwa 1933 shekara 22 ke nan. Wato da kaɗan ya girmi yayyenku da suka gama aji shida. Gasar ce kuma ta fito da Ganɗoki na yayansa Malam Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, da Jiki Magayi na John Tafida da shi East.

Bayan haka aka kira shi Zariya, ya zauna ya rubuta Magana Jari Ce, littafi uku, wanda ya fara fitowa a 1937. A littafi na ɗaya, Sarki ya tafi yaƙi ya bar ɗansa Musa a gida. Musa yana ta ƙoƙarin fita ya bi su, alhali maƙiya na jiran ya fito, sai wani aku ya riƙa tsare shi da labari bayan labari har gari ya waye. Ku lura da wannan: ba takobi ne ya tsare ɗan sarki ba, baki ne. Abin da sunan littafin ke nufi ke nan.

Da aka kafa jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo a Zariya a 1939, Imam ne editanta na Hausa na farko. A 1943 ya je Ingila cikin tawagar 'yan jaridun Afirka ta Yamma, ya dawo ya rubuta Tafiya Mabuɗin Ilmi. Ya rasu a Zariya a 1981. Don haka duk wanda ke riƙe da jaridar Hausa a yau, har da wannan da ke hannunku, yana cin albarkacin hanyar da ya share.

Ba kek da kyandir muke nufi ba

Mun san abin da wasunku za su ce: “Baba ba zai yarda da bikin ranar haihuwa a gidanmu ba.” Gaskiyarku. A gidajenmu ba a saba da kek da hura kyandir ba, kuma ba shi muke kira a yi ba. Kakanninmu ma da shekara suke lissafin haihuwa, ba da rana ba. Za ka ji an ce wane shekarar fara aka haife shi, wance kuma shekarar da aka naɗa hakimi. To mu ma mu bi wannan lissafi. Shekarar Imam 1911 ce, kowace shekara kuwa ƙara masa ɗaya take yi, yanzu an haura 110. Sai kowane gida ya zaɓi dare ɗaya a shekara, a taru a tsakar gida, a karanta littafinsa da babbar murya, a yi masa addu'a. Mu mun sa masa suna Daren Imam.

Kafin mu kawo muku shawarar, sai da muka gwada ta da kanmu.

Abin da muka gani a Ɗambatta

Ɗaya daga cikinmu yana da kawu a wani ƙauye da ke gefen Ɗambatta, idan ka sauka daga titin Kano zuwa Daura ka bi burtali tsakanin gonaki. Irin ƙauyukan nan ne da gona ke kama gona, daga wannan gida kana hango rumbunan wancan. Muka je ranar Asabar, an gama kaka, sanyin hunturu ya fara sauka. Kawu ya ce ya yarda, amma kada a wuce ƙarfe goma, domin gobe Lahadi kasuwar Ɗambatta ke ci, yana da tumakin da zai kai da sassafe.

Neman littafin ya fi neman izini wuya. Gidan akwai wayoyi biyar, amma babu kwafi ko ɗaya. Sai da aka je gidan wani tsohon malamin firamare aka aro littafi na ɗaya. Bangonsa ya daɗe da fita, an ɗinke shi da zare, takardun sun yi ja saboda tsufa. Malamin ya ce a kula masa da shi kamar ƙwai.

Bayan sallar isha aka shimfiɗa tabarmi, aka rataya fitila mai caji a jikin turken rumfa, aka hura wuta da karan dawa. Matan gida suka kawo soyayyar gyaɗa da dafaffen dankali da kunu. Yaran maƙwabta da suka ji ƙanshi suka shigo ba gayyata. Aka fito da kakar gidan, wadda kowa ke kira Iya, aka zaunar da ita kusa da wuta, ta lulluɓa da mayafi.

Babban ɗan gidan, wanda ke aji biyar na sakandare, shi aka ba littafin. Yaro ne mai kaifin baki, idan rubutun waya ne kuwa yatsunsa ba sa tsayawa. Amma da ya buɗe littafin sai murya ta fara rawa. Ya karanta layi biyu ya tsaya, ya koma baya. Can ya zo kan kalmar “baƙi” ya karanta ta “baki”. Ƙananan yara suka fashe da dariya. Iya ta ɗago kai ta ce, “Kai maigidan, baƙi aka yi a fadar, ko baki aka buɗe? Ni dai ban yi boko ba, amma kunnena bai mutu ba.”

Ya ajiye littafin ya ce shi ya gaji. Mu ba mu ga laifinsa ba, domin abin da ya same shi yana samun da yawanmu. Mun saba rubuta Hausa a waya ba tare da ƙugiya ba, ƙ da k duk ɗaya, ɗ da d duk ɗaya, ɓ da b duk ɗaya, har idonmu ya daina ganin bambancinsu. Mun kuma saba karatu a zuci, gajere-gajere, ba mu saba ɗaukar doguwar jimla mu kai ta ƙarshe da numfashi ɗaya a gaban mutane ba. Sai ga ɗalibin da ke shirin rubuta jarrabawar Hausa yana tuntuɓe a harshen da ya sha a nono.

Ƙanwarsa ta aji uku ta karɓa. Ita a hankali take tafiya, tana bin layi da yatsa. Da ta zo maganar aku sai ta matse murya, yara suka matso. Iya ta ce, “Yauwa kishiya, yau kam kin fi mijin nawa.” Wannan magana ce ta dawo da yayan. Ya ce a ba shi maganar Musa, ita ta riƙe ta aku. Suka riƙa karɓa-karɓa, tun yana tuntuɓe har ya miƙe. Kawu da ya ce shi zai ɗan zauna ne kawai ya tashi, sai ga shi ya gyara zama, yana cewa tun suna firamare rabonsa da jin wannan wuri.

Ana tsakiyar wani labari, daidai inda kowa ya yi tsit, yarinyar ta juya shafi ta tsaya. Ta juya gaba, ta juya baya. Takarda biyu sun fita daga littafin, babu ƙarshen labarin. Wani ƙaramin yaro ya ce, “To sai me ya faru?” Babu mai amsa. Muka kalli juna, mu da muka kawo shawarar, kunya ta kama mu.

Sai Iya ta gyara mayafi ta ce, “Ku kawo kunnenku, ai na san inda irin wannan yake zuwa.” Ta ɗauki labarin daga inda takarda ta yanke, ta ƙulla shi, ta sa wa mugun cikinsa tarkon da ya faɗa da ƙafarsa, ta kai shi har ƙarshe. Ta sauya murya sau uku, ta sa yara amshi, har matan da ke ɗauraye kwanuka suka bar aikin suka zo. Da muka dawo Kano muka duba cikakken kwafi, ƙarshen da Imam ya rubuta dabam ne da na Iya. Har yau ba mu daidaita a tsakaninmu kan wanda ya fi daɗi ba.

Abin da ya faru bayan nan shi ne ya fi tsaya mana a rai. Yara suka ce sai Iya ta ƙara musu da tatsuniya. Ta fara wata ta Gizo da Ƙoƙi, ta zo wurin da ake rera waƙa a tsakiya, sai ta yi shiru. Ta sake gwadawa, waƙar ta ƙi zuwa. Ta ce, “Wadda ta iya waƙar nan ƙawata ce, tare muka tashi. Da daminar nan aka binne ta.” Ba wanda ya yi dariya. Tatsuniyar nan yanzu rabinta ne ya rage, kuma babu wani malami da za a je gidansa a aro ɗaya rabin.

Darasin da muka ɗauko

Da yawa daga labaran Magana Jari Ce ba Imam ne ya fara ƙago su ba. Ya ɗebo wasu daga littattafan Larabawa irin su Alfu Laila wa Laila, wasu daga labaran Indiya da na Turai, wasu kuma daga gida. Gwanintarsa ita ce ya sa musu riga da hula, ya ba su sarki da waziri da kasuwa da alƙali irin namu, ya sa musu Hausar da idan aka karanta sai ka rantse a bayan gidanku abin ya faru. Abin da Iya ta yi a daren nan ke nan: ta karɓi labarin wani ta mai da shi nata. Bambancinsu ɗaya ne. Shi ya rubuta, shi ya sa bayan shekara sama da 80 muna iya arowa mu karanta. Nata kuwa yana cikin kanta, idan ta tafi da shi za ta tafi.

A nan ne aikinku yake. A gidaje da yawa ku ne kuke tsakiya: kakanni suna da labari amma ba su da alƙalamin boko, ƙanne suna da kunne amma ba su iya karatu ba tukuna. Ku ne kuke da biro da littafin rubutu. Don haka tunawa da Imam ba ta ƙare a karanta shi ba. Sai an yi abin da ya yi.

Yadda za ku shirya naku

Na farko, ku nemi izini, kuma ku faɗi abin yadda yake: daren karatu da hira ne a cikin gida, da addu'a ga marubucin da ya rasu. Ku bar maigida ya zaɓi ranar da lokacin tashi. Hutun da ke biyo bayan kaka ya fi dacewa, aikin gona ya yi sauƙi, abinci kuma yana rumbu.

Na biyu, ku nemo littafin da wuri. Ku tambayi malamin Hausa, ko laburaren makaranta, ko tsofaffin malaman unguwa. Kamfanin NNPC na Zariya ne ya daɗe yana buga littattafan Imam, kuma masu sayar da littattafan Hausa sun san su. Idan kuɗin ya yi wa mutum ɗaya yawa, abokai uku su haɗa su sayi ɗaya, ya riƙa zagaya gidajensu. Kuma ku koyi darasi daga kuskurenmu: ku duba shafukan tun da rana.

Na uku, ku yi gwaji. Ku zaɓi labari biyu kawai, ku karanta kowanne sau uku da babbar murya a bayan gida. Ku kula da ƙ da ɗ da ɓ da 'y. Inda aka sa waƙafi ku ja numfashi, inda aka sa aya ku tsaya. Wanda ya yi tuntuɓe a daren kuma kada a yi masa ihu, a ba shi wani ɓangaren ya sake gwadawa.

Na huɗu, ku raba aiki yadda kowa zai sa hannu. Mutum ɗaya ya riƙe muryar aku, wani ta Musa, wani ta mai ba da labari. Ƙanne su yi bakin aku da kwali, ko su haɗa shi da ɓargon kara kamar yadda suke haɗa mota. Mai iya zane ya zana abin da ya ji a bayan tsohuwar kalanda. Abin taɓawa kuma abin da ke gida ya isa: gyaɗa, rake, gurjiya, dankali. Kada a ɗora wa iyaye kashe kuɗi, domin da zarar abu ya zama nauyi ba za a sake yin sa baɗi ba.

Na biyar, ku yi wasan karin magana. Imam yakan sa wa labaransa karin magana a matsayin suna. To mai karatu ya rufe sunan labarin da yatsa, sai an gama kowa ya kawo karin maganar da yake ganin ta dace, sannan a buɗe a gani. A nan za ku sha mamaki, domin iyaye mata da kakanni ne za su cinye gasar.

Na shida, ku gwada abin da tsautsayi ya koya mana. Ku tsaya da gangan kafin ƙarshen labari na biyu, ku roƙi babba a gidan ya ƙarasa yadda yake gani, sannan ku karanta na Imam a kwatanta.

Na bakwai, kuma shi ne mafi muhimmanci, ku ba tsofaffi fili, ku kuma ku ɗauki biro. Tatsuniya ce, ko labarin yadda aka kafa unguwarku, ko na shekarar da aka yi fari, ko yadda ake tafiya Kano kafin motoci su yawaita, ku rubuta shi da kalmomin mai shi. Kada ku gyara masa Hausa zuwa irin ta waya. Idan ya faɗi kalmar da ba ku sani ba, ku tambayi ma'anarta ku rubuta a gefe. Wanda ke da waya a gida yana iya naɗar muryar, amma da izinin mai magana, kuma ya kwafe ta a takarda daga baya, domin waya tana faɗawa ruwa, tana kuma ɓata. A ƙarƙashin kowane labari ku sa sunan wanda ya ba da shi da garinsu da shekarar da aka rubuta.

Daga ƙarshe a rufe da addu'a ga Abubakar Imam, da malaman da suka koya mana karatu, da magabatanmu da suka riga mu gidan gaskiya.

A gidan Kawu, goma ta wuce da kusan rabin awa kafin a naɗe tabarmi, kuma shi da kansa ne ya ce a ƙara labari ɗaya. Washegari da ya dawo daga kasuwa ya ware kuɗi daga cinikin tumaki, ya ce duk mai shiga Kano ya sayo littattafan nan uku, kada a sake zuwa aro. Yayan nan da aka yi wa dariya kuwa ya tsaga tsohon littafin lissafinsa, ya ɗinke sauran takardun da zare. Labari na farko da ya rubuta a ciki shi ne tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi. Ya bar layi huɗu babu rubutu a tsakiya, ya ce zai zagaya gidajen tsofaffin ƙauyen ko akwai wadda ta riƙe waƙar.

Aikin wannan mako

Ɗaliban Ɗambatta da Gwarabjawa da Fagwalawa da Sansan da Ajumawa, da na Makoɗa da Kazaure, da duk inda wannan jarida ta isa, ga aikinku. Ku shirya Daren Imam a gidanku kafin a koma makaranta. Ku aiko mana da labari ɗaya da kuka rubuto daga bakin kaka ko kakanku, kada ya wuce shafi biyu, da ƙugiyoyinsa cif-cif, tare da sunanku da ajinku da makarantarku. Malamin Hausa yana iya tattara na ajinku ya aiko gaba ɗaya. Waɗanda suka fi kyau za mu buga su a wannan fili, da sunan mai ba da labarin a sama, na marubucin a ƙasa.

Sai mako mai zuwa idan Allah Ya kai mu. A gaida mana su Iya.